Rigimar Koyar da Lissafi a Makarantun Gwamnati: Daga Amurka zuwa Taron Benin na 1977

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin taƙaddamar da aka daɗe ana yi a Amurka kan yadda ya kamata a koyar da lissafi a makarantun gwamnati, da yadda wani reshe nata ya iso Nijeriya ta shirin Entebbe har aka sare shi a 1977. Wani ɓangare na cewa yaro ya fahimci dalili kafin a ba shi ƙa'ida, ɗayan kuma na cewa a nuna masa ƙa'ida ya yi ta maimaitawa har ta zauna. Takardar na ganin bincike ya daɗe da nuna cewa biyun ba sa rabuwa, kuma abin da ke kayar da gyare-gyaren manhaja shi ne zurfin sanin malamin da ake miƙa wa sabon littafi.

1.0 Gabatarwa

Bari in fara da lissafin da kowannenmu ya yi a aji biyu ko uku na firamare: a cire 27 daga 52. Malami zai ce biyu a cire bakwai ba zai yiwu ba, sai a aro ɗaya daga biyar, biyu ta zama sha biyu, biyar ta koma huɗu, amsa 25. Yaro ya samu maki. To amma a tambaye shi dalilin da ya sa ɗayan da aka aro ta zama goma da ta iso gidan biyu. Yara da yawa za su yi shiru, wasu manyan ma haka.

A kan wannan shirun aka gina rigimar. Masu ra'ayin fahimta suna cewa yaron da bai san 52 goma-goma biyar ce da biyu ba, kuma ana iya warware goma ɗaya ta zama ɗai-ɗai guda goma, bai iya lissafi ba, kwaikwayo ya iya, kuma ranar da tambaya ta sauya kama zai rikice. Masu ra'ayin atisaye kuma suna cewa yaron da aka bari ya yi ta laluben hanya da kansa, yana zana sanduna yana ƙirga yatsu har aji biyar, an cuce shi, domin duk lissafin da ke gaba yana bukatar waɗannan ƙananan ayyuka su riƙa zuwa masa ba tare da tsayawa tunani ba. Na ɗauki Amurka ne saboda a can aka fi yin faɗan a fili, a jaridu da majalisu da akwatin zaɓe, kuma daga can ne zagaye ɗaya nasa ya shigo azuzuwanmu.

2.0 Asalin Saɓanin da Zuwan Sabon Lissafi

Saɓanin ya girmi dukanmu. A 1922 Edward Thorndike ya fitar da littafi kan halayyar koyon lissafi inda ya ɗauke shi a matsayin tarin alaƙoƙi tsakanin tambaya da amsa, waɗanda maimaitawa ke ƙarfafawa. A 1935 William Brownell ya ƙalubalanci wannan, ya ce sai lissafi ya yi wa yaro ma'ana. Brownell bai tsaya a magana ba. Shi da Harold Moser sun gwada abin a kan yara wajen 1,400 'yan aji uku a jihar Karolina ta Arewa, suka buga sakamakon a 1949. Kan ɗebewa suka yi gwajin, irin misalin da na kawo, kuma yaran da aka koya wa hanyar warware goma tare da bayanin dalilinta su suka fi iya tunkarar tambayoyin da ba su taɓa gani ba. A lura, malami ne ya yi musu bayanin, kuma sun yi atisaye bayansa.

Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a ranar 4 ga Oktoba, 1957, sai hankalin Amurka ya tashi, kuɗi suka kwararo cikin ilimin kimiyya. A 1958 aka kafa kwamitin SMSG a ƙarƙashin Edward Begle, malaman jami'a suka zauna suka rubuta wa yara littattafai. Wannan shi ne abin da aka kira Sabon Lissafi: nazarin rukunin abubuwa tun daga aji ɗaya, ƙidaya a kan tushen biyar ko biyu maimakon goma, da sunayen dokokin tarawa da ninkawa. Turai ma ta bi sahu. A taron Royaumont na Faransa a 1959 ne Jean Dieudonné ya yi kiran a sauke tsohon lissafin siffofi na Euclid daga kujerarsa a manhajar sakandare.

Niyyar mai kyau ce, a nuna wa yaro ginshiƙan da lissafi ke tsaye a kansu. Sai dai malamin firamare bai taɓa karanta waɗannan abubuwa ba, iyaye kuma suka kasa taimaka wa 'ya'yansu da aikin gida. Lokacin da Morris Kline ya fitar da littafinsa na sukar shirin a 1973, guguwar ta riga ta fara lafawa, aka shiga kiran a koma ga tushe, wato tarawa da ɗebewa da jadawalin sau.

3.0 Entebbe da Benin

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Tun daga 1962 aka riƙa tara masana lissafi da malamai na Amurka da Birtaniya da ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci a Entebbe ta Yuganda, da tallafin Amurka, suna rubuta littattafan Sabon Lissafi don makarantun Afirka. Cikin 'yan Nijeriya da suka yi fice a aikin akwai Grace Alele-Williams, wadda daga baya ta shugabanci Jami'ar Benin. An gwada littattafan a zaɓaɓɓun makarantu, musamman a Legas, da malaman da aka horar aka kuma riƙa bibiya. Sunan da abin ya samu a nan shi ne lissafin zamani.

Gwaji a makarantu kaɗan daban, yaɗawa a ƙasa baki ɗaya daban. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yaran da suka fito suka zarce abin da aka yi tanadi, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. A shekarar ce ma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Malamin da shi kansa bai gama ƙwarewa a doguwar rabawa ba, shi aka ce ya koya wa yara ƙidaya a kan tushen biyar. A watan Janairu na 1977, a wani taro da aka yi a birnin Benin, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani a makarantu.

Ba na cikin masu cewa sokewar kuskure ce. Manhajar ta fi ƙarfin yanayin da aka jefa ta ciki. Abin da nake ganin ya kuɓuce mana shi ne darasin. An ɗora laifin a kan littafi, aka sauya littafi, malamin kuwa aka bar shi yadda yake. Tambayar da Brownell ya yi, ko yaro ya san dalilin abin da yake yi, ba ta da alaƙa da nazarin rukuni, amma sai ta bi lissafin zamani suka fita tare. Abin da ya rage a yawancin azuzuwa shi ne malami ya yi misali ɗaya a allo, yara su kwafa, a rera jadawalin sau da murya ɗaya. Wannan ba atisayen da masu ra'ayin atisaye ke nufi ba ne, domin atisaye na bukatar kowane yaro ya yi aiki da hannunsa, wani kuma ya duba ya gyara masa.

4.0 Yaƙin Kalifoniya

A Amurka kuwa abin ya sake juyowa. A 1989 ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar, NCTM, ta fitar da mizanan koyarwa da suka ƙarfafa warware matsala, aikin rukuni-rukuni da amfani da kalkuleta, suka kuma nemi a rage lokacin da ake kashewa a kan doguwar rabawa da dogayen lissafin takarda. Jihar Kalifoniya, wadda yawan ɗalibanta ke sa masu buga littattafai bin abin da ta zaɓa, ta rungumi wannan a tsarinta na 1992. Wasu littattafan da suka biyo baya sun bar yara su ƙirƙiro hanyoyinsu na tarawa da ninkawa. Constance Kamii ma ta yi rubutu tana cewa koya wa ƙananan yara hanyoyin da aka saba yana cutar da tunaninsu.

Iyaye suka tashi. Da yawansu injiniyoyi ne da malaman jami'a, sun ga 'ya'yansu ba su iya abin da su suka iya a shekarunsu ba. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Mathematically Correct, suka yi amfani da intanet tun tana sabuwa. A watan Disamba na 1997 hukumar ilimi ta jihar ta amince da sababbin mizanai da malaman lissafi na Jami'ar Stanford suka yi wa kwaskwarima, aka dawo da ƙa'idojin da aka saba. Da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta yaba wa wasu shirye-shirye goma na sabon salo a 1999, sai masana lissafi da kimiyya fiye da 200 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sakataren ilimi Richard Riley, aka buga ta a jaridar Washington Post a watan Nuwamba, suna neman a janye yabon.

Wani abin lura shi ne yadda sahun ya rabu. A shekarun 1960 malaman lissafi na jami'a ne suka kawo gyara. A shekarun 1990 kuwa malaman tsangayar ilimi ne suka kawo shi, malaman sashen lissafi suka yi masa tawaye. Duk wanda ya zauna a jami'o'inmu ya san irin kallon da waɗannan sassa biyu ke yi wa juna.

Zagayen baya-bayan nan ya ɗauko batun adalci. A 2014 hukumar makarantun San Francisco ta hana koyar da darasin aljabara na farko a aji takwas, daidai da aji biyu na ƙaramar sakandare a nan, ta ce kowa ya jira aji tara, don kada a ware yara tun da wuri zuwa masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari, rabon da ke bin launin fata da arziki. Iyaye masu hali suka biya wa 'ya'yansu darasi a waje. Wani nazari na masu bincike daga Stanford a 2023 ya nuna giɓin da aka so rufewa a manyan darussan lissafi bai rufe ba. A 2024 hukumar ta janye matakin, masu zaɓe fiye da kashi 80 cikin ɗari kuma suka goyi bayan dawo da darasin. Jihar Kalifoniya ita ma ta sha irin wannan ce-ce-ku-ce kan sabon tsarinta, wanda Jo Boaler ta Stanford ke cikin marubutansa, tun daga daftarin 2021 har aka amince da shi a watan Yuli na 2023 bayan gyare-gyare masu yawa. Wannan misali na San Francisco ya dame ni fiye da sauran, domin ya nuna wanda ke biyan kuɗin gwaji a makarantar gwamnati: yaron da iyayensa ba su da halin ɗaukar masa malamin lesin.

5.0 Abin da Bincike Ya Nuna

Kwamitocin da aka kafa don sasanta rigimar duk wuri ɗaya suka sauka. Rahoton majalisar bincike ta Amurka na 2001 ya ce ƙwarewa a lissafi igiya ce mai zare biyar da aka tufka, fahimta da saurin aiki na cikinsu. Kwamitin da Shugaba George W. Bush ya kafa ya ba da rahoto a 2008 cewa fahimta da ƙwarewar aiki da iya warware matsala suna ƙarfafa juna, kuma rashin iya lissafin ɓangare, irin su rabi da sulusi da rubu'i, shi ne babban shingen da ke hana yara shiga aljabara. A Holan ma, inda tsarin Hans Freudenthal na fara lissafi daga rayuwar yau da kullum ya mamaye makarantu, kwamitin cibiyar kimiyya ta ƙasar ya ce a 2009 babu gamsasshiyar hujjar da ta fifita salo ɗaya a kan ɗayan, kuma malami ne jigo.

Duk da haka akwai inda hujja ta fi karkata. Kirschner da Sweller da Clark (2006) sun yi bayanin cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, saboda haka sabon shiga da aka bari ya gano ƙa'ida da kansa yakan ƙare ƙarfinsa a lalube. Yaron da 7 sau 8 ke zuwa masa nan take yana da sauran wurin tunani a kan ainihin tambayar. Ingila ma ta wajabta gwajin jadawalin sau ga 'yan aji huɗu daga 2022: tambaya 25, daƙiƙa shida kowace, har zuwa 12 sau 12. Singafo kuwa, wadda ta zo kan gaba a gwajin ƙasa da ƙasa na TIMSS na 1995, ba ta zaɓi ɓangare ba. Yaro kan fara da abin da zai taɓa da hannu, ya koma zane, sannan alamomi, malami na jagora a kowane mataki, atisaye kuma mai yawa.

Akwai kuma binciken da ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da yaranmu ke talla. Carraher da Carraher da Schliemann (1985) sun gwada wasu yara biyar masu sayar da kaya a titunan Recife ta Birazil. A wurin ciniki sun amsa kashi 98 cikin ɗari daidai. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda ba tare da labarin ciniki ba, sai suka sauko kashi 37. A 2025 Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun buga irin wannan a mujallar Nature kan yara masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi, suka kuma ƙara da ɗaya gefen: 'yan makarantar da suka iya lissafin takarda sun kasa lissafin ciniki mai sauƙi. Kowane ɓangare na rigimar yakan ja wannan sakamako zuwa gonarsa. Ni abin da na gani a ciki shi ne babu ɗayan biyun da ke haifar da ɗan'uwansa don kansa. Yarinyar da ke ba da canjin dubu ɗaya ba tare da kuskure ba tana bukatar wanda zai nuna mata cewa abin da ta yi a ka shi ne ake rubutawa a allo.

6.0 Malamin da Aka Miƙa wa Littafi

A 1999 Liping Ma ta buga nazarin da ta kwatanta malaman firamare 23 na Amurka da 72 na Sin. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce a raba 1¾ da ½, sannan a ƙirƙiro labarin da ya dace da lissafin. Duk malaman Sin sun samu amsa, 3½, kuma mafi yawansu sun kawo labari mai kyau. A cikin na Amurka, waɗanda suka kai ga amsar ba su kai rabi ba, kuma mutum ɗaya ne ya kawo labarin da ma'anarsa ta yi daidai. Da yawa sun ba da labarin raba abu tsakanin mutum biyu, wanda rabawa da 2 ne, amsarsa ⅞. Labarin da ya dace shi ne irin wannan: gida na da gero mudu ɗaya da kashi uku cikin huɗu, kullum ana dafa rabin mudu, kwana nawa zai yi? Uku da rabi. Abin mamakin shi ne malaman Amurkan sun fi na Sin yawan shekarun karatu.

Malamin da bai iya kawo labarin geron nan ba, ko wace manhaja aka ba shi abu ɗaya zai yi. In an ce ya koyar da ƙa'ida, zai ce a juya ta biyun a ninka, shi ke nan. In an ce ya bar yara su tattauna, ba zai gane wace amsa ce ke ɗauke da tunani mai kyau ba, wace ce kuma kuskure mai kama da gaskiya. David Cohen ya nuna haka a 1990 a nazarinsa na wata malama a Kalifoniya wadda ta yi imani ta sauya koyarwarta gaba ɗaya: ta kawo kayan taɓawa, ta zaunar da yara rukuni-rukuni, amma lissafin da ke gudana a ajin tsohon ne. Salon bincike da tattaunawa ma ya fi bukatar malami mai zurfi, domin shi ne zai tari duk inda yaro ya ɓullo.

Mu ma muna da namu ma'aunin. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba a jarrabawar matakin aji huɗu. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka yi jarrabawar, kuma ana iya muhawara a kan korar da ta biyo baya. Amma ko an rage adadin da rabi, ya isa ya nuna cewa muhawarar salo a wurinmu tana zuwa ne bayan wata tambayar da ta riga ta.

Saboda haka matsayina shi ne, a ajin gwamnati mai cunkoso, bayani ƙarara daga malami tare da dalilinsa, sannan atisayen da ake dubawa, ya fi aminci a kan barin yara su gano da kansu. Jadawalin sau a haddace shi, mu da muka san darajar hadda ba sai an roƙe mu ba, amma yaro ya ga 6 sau 4 a jere shida na duwatsu huɗu-huɗu kafin ya rera. Kwalejojin ilimi kuma su ware lokaci mai tsoka ga lissafin firamare shi kansa, a koyar da shi da zurfi: darajar gurbin lamba, dalilin aro, ma'anar rabawa, lissafin ɓangare. A wannan na ƙarshen ma muna da abin farawa a gida, tunda rabon gado ya sa sumuni da sudusi da sulusi ba baƙi ba ne a kunnen ɗaliban da ke shiga kwalejojin. Tambayar Liping Ma kuwa ba ta bukatar tallafin bincike mai yawa, kowane malamin kwaleji zai iya yi wa ɗalibansa na shekarar ƙarshe ita, mu haɗa amsoshin mu ga inda horon ya kamata ya fara.